Giram 25 Da Suka Kori Auta

Mu huɗu ne muka haɗu a kan wannan rubutu, duk da dai hannu ɗaya ne ya riƙe alƙalamin. Laifin da za mu ba da labarinsa tare muka yi shi, don haka ba mu ga dalilin da mutum ɗaya zai ɗauke shi shi kaɗai ba.

A wani gidan fiza muke aiki a Abuja. Ba za mu faɗi sunansa ba, don ba tallarsa muka zo yi ba, ba kuma ɓata shi ba. Kicin ɗin dogo ne siriri, oben a ƙurya, firiza biyu a bakin ƙofa, a tsakiya kuma teburin ƙarfe mai jerin robobi: miyar tumatir, gurzajjen cukun mozarela, tsokar kaza, niƙaƙƙen nama, albasa, koren tattasai, masara, zaitun, da laimar kwaɗi wadda a gaban kwastoma ba ma kiranta da wannan suna, sai mu ce mashrum. Babbanmu dattijo ne da ya fi shekara 20 a aikin kuku, Baba muke ce masa. Mu uku muna ƙarƙashinsa. Sai na biyar ɗinmu, yaron da ke wanke-wanke da shara da fitar da bola, wanda muke kira Auta don shi ne ƙaraminmu.

Da hannu muka koyi aikin, da hannu kuma muke taƙama. Baba ya koya mana cewa matsakaiciyar fiza, mai faɗin inci 12, dintsi biyu da ɗan ƙari na cuku take ci. Akwai wata takarda a manne a bango da ta ce giram 140, amma maiƙo da hayaƙi sun daɗe da cinye rubutun, babu mai kallonta. Idan sabon yaro ya tambaya, Baba kan ce masa, "Ɗana, ido ba mudu ba ne amma ya san kima." Mu ma sai mu gyaɗa kai, don da wannan magana aka raine mu. Mun taso muna ganin mai hatsi ya cika mudu ya yi masa tozo, ya tare da hannu, ya ƙara gyara. Mai tsire yakan ɗora yanka ɗaya bayan an gama ciniki. A wurinmu wanda ke awo daidai wa daida, babu ɗan ƙari, marowaci ne.

To sai 2023 ta zo. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. Cukun da muke aiki da shi daga waje yake zuwa, kuma tun asali shi ne mafi tsada a cikin duk abin da ake ɗorawa a kan fiza. Ba abin mamaki ba ne, tunda sai an kashe kusan lita 10 na madarar shanu kafin a samu kilo ɗaya. Abin da a da ba a damu da ƙirga shi ba, yanzu sai ga manaja da mai sito suna zama da kalkuleta duk ƙarshen wata.

Lissafin farko ya nuna giɓi. An sayar da fiza kaza, ya kamata a ce cuku kilo kaza ya tafi, amma abin da ya fita daga firiza ya zarce haka da kusan kilo 75. Aka tara mu aka yi mana kashedi. Wata na biyu giɓin bai ragu ba, sai aka yanki albashin kowa. Duk wanda ya san kuɗin mota daga Mararaba ko Nyanya zuwa cikin gari a wancan lokaci ya san abin da yankan albashi yake nufi. Ɗayanmu matarsa na da tsohon ciki. Ɗayanmu kuɗin hayarsa ya ƙare. Muka fara kallon juna ta gefen ido.

Manaja ya raba kilo 75 gida 30, ya samu kilo biyu da rabi. Bulo ɗin cukun da ake kawo mana kusan nauyinsa ke nan. Daga nan ya yanke cewa akwai mai fita da bulo guda kullum. Ya kira mu ofis ya ce, "Wa yake fita a ƙarshe? Wa yake fita da kaya a hannu?" Amsar ɗaya ce, kowa ya sani. Auta ne ke ɗaure baƙar ledar bola bayan an tashi, ya fita da ita ta ƙofar baya. Ɗayanmu ya ce ya taɓa ganin ledar ta yi masa nauyi. Wani ya ce ai kwanan nan ya canza waya. Sauran biyun ba su ce komai ba, kuma yau mun yarda cewa shirun nan shaida ce, ba ta fi ta masu magana sauƙi ba.

Ba a kama shi da komai ba. An bincike jakarsa, an zazzage ledar bola a gabansa, ba a ga ko ɓarɓashi ba. Aka ce ai ya ji ƙishin-ƙishin ne shi ya sa ya ɗaga ƙafa ranar. Da aka sallame shi ya shigo kicin ya cire rigar aiki, ya ninke ta, ya ajiye a kan firiza. Ya dubi Baba ya ce, "Baba, kai ma ka yarda?" Baba ya ci gaba da murza kwaɓi, bai ɗago ba. Yaron ya juyo gare mu ya ce, "Yayyena, na bar ku da Allah." Oda na ta shigowa, muka ce masa Allah ya kiyaye gaba, muka koma kan tebur.

Ƙarshen wata na uku aka sake lissafi. Giɓin yana nan yadda yake.

Da muna da gaskiyar zuci, ranar ya kamata mu tafi neman yaron. Maimakon haka sai muka ce wataƙila yana da abokin haɗin baki a cikinmu. Aka sa kwaɗo a firiza, aka ƙara kyamara, mai gadi ya riƙa lalube mu a ƙofa kamar masu shiga filin jirgi. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a faranti ɗaya suka daina yi wa juna sannu da aiki.

Mai gidan ce, wadda muke kira Madam, ta kawo ƙarshen abin. Wata Litinin da safe ta shigo da kwalaye biyu, ta fito da sikeli biyu na lantarki, irin ƙananan nan masu farantin ƙarfe da ke auna har giram ɗaya. Muka ji kamar ta zage mu. Baba ya ce, "Madam, ni za a koya wa awo? Tun ba a haifi yaran nan ba nake wannan aiki." Ta ce, "Baba, ba koya maka zan yi ba. Ka ɗebo mini cukun matsakaiciya yadda ka saba, sau biyar, ka zuba a roba biyar."

Ya ɗiba, ta auna. Ta farko 158. Ta biyu 171. Ta uku 149, ta huɗu 180, ta biyar 166. Babu ko ɗaya da ta zauna a 140. Muka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ganin shi zai fidda mu kunya. Mai babban hannu a cikinmu ya kai 190. Da ta haɗa duka ta raba, sai ga shi muna wuce ƙa'ida da kimanin giram 25 a kowace fiza. Ta ɗauki biro ta rubuta a bayan takardar oda: fiza 100 a rana, sau giram 25, kilo biyu da rabi. Sau kwana 30, kilo 75.

Babu wanda ya yi tari. Giram 25 ɗan abin da yatsu uku za su tsakuro ne, idan ka barbaɗa shi a kan fiza ba ka ma ganin inda ya shiga. Ashe bulon da ake cewa yana fita ta ƙofar baya ta ƙofar gaba yake fita, a cikin kwali, a bayan babur, mu muke naɗe shi da hannunmu muna yi wa mai kai saƙo Allah ya kiyaye hanya. Baba ya nemi kujera ya zauna. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Yaron nan."

Za mu dawo kan yaron. Bari mu fara faɗin abin da sikelin ya koya mana, don akwai masu sana'ar abinci a wannan zaure, kuma da mun san waɗannan abubuwa da wuri da ba a kai ga haka ba.

Abu na farko, hannu ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Da safe da sauran ƙarfi, dintsinmu daban. Ƙarfe tara na daren Asabar, oda 15 a rataye, dintsin daban. Cukun da aka fito da shi yanzu daga sanyi warwas yake, yana zubewa ta tsakanin yatsu. Wanda ya jima a kan tebur kusa da oben ya yi laushi ya dunƙule, sai ka ɗebo da yawa ba ka sani ba. Idan odar ta wanda muka sani ce, ko ta mai yi mana ihsani, hannu yakan buɗe da kansa. Idan kuma dare ya yi, robar cuku ta kusa ƙarewa, muna ƙyuyar gurza wani, sai hannu ya tsuke. A gwajin da muka yi daga baya mun ga fizar ƙarshen dare da ba ta kai giram 110 ba. Wanda ya saye ta kuɗi ɗaya ya biya da wanda ya samu 190. Mun daɗe muna jin Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, wadda ta yi kashedi ga masu tauye awo, muna ɗauka da 'yan kasuwar hatsi take. Ba mu taɓa kawo kanmu a ciki ba.

Na biyu, ido yana ruɗuwa a kan abu mai zagaye. Tsakanin fiza mai inci 12 da mai inci 14 inci biyu ne kawai a faɗi, amma filin da za a rufe ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Mai inci 14 kuwa ta kusa ninka mai inci 10. Mu da muke aiki da dintsi, ƙaramar muna cika ta har ta nutse, babbar muna barin ta da sanƙo.

Na uku, wanda ya fi ba mu kunya a matsayinmu na masu dafa abinci: yawan kaya ba shi ne daɗi ba. Albasa da tattasai da mashrum kusan duk ruwa ne, da sun ji wuta sai su sake shi. Cuku idan ya yi kauri yakan rufe kwaɓin kamar bargo, ya tsatso mai, zafi ya kasa ratsawa. Gefe ya gasu har ya fara ƙonewa, tsakiya kuma danƙo. Shekaru muna ɗora wa oben laifi, muna cewa wutarsa ba ta daidaita. Da muka koma awo, ƙorafin "tsakiyar ba ta nuna ba" ya ragu ƙwarai, oben ɗin kuma shi ne dai na jiya.

Madam ta ba mu labarin Nafoli, birnin Italiya da aka san shi da asalin wannan abinci. A can akwai ƙungiyar da aka kafa a 1984 don kare fizar gargajiya, kuma ƙa'idojinta a rubuce suke da lamba: curin kwaɓi tsakanin giram 200 zuwa 280, gashi daƙiƙa 60 zuwa 90 a tandar itace. Shahararriyar fizarsu, Margherita, bayan kwaɓi ba ta wuce tumatir da mozarela da ɗan mai da ganyen basil ba, ɗan uwan ɗaɗɗoyarmu. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu fizar Nafoli cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Baba ya saurara, ya ce, "Wato su ma masu abin suna awo." Tun daga ranar bai sake musu ba.

Shi kansa sikelin sai an iya zama da shi. Akwai maɓallin da ke mayar da shi sifili: ka ɗora roba, ka danna, nauyin robar ya fita daga lissafi, abin da ka zuba kawai zai nuna. Wanda ya manta da wannan maɓalli ya sayar wa kwastoma nauyin roba. Muna da hanya biyu. Idan babu cunkoso, mukan ɗora farantin fizar a kan sikeli, mu danna sifili, mu zuba miya, mu sake dannawa, mu zuba cuku, haka har a gama. Ranakun Juma'a da Asabar kuwa tun la'asar muke auna cuku da nama a ƙananan kofuna mu jera a firji, kofi ɗaya fiza ɗaya, don idan oda ta taso babu lokacin kallon lamba. Ba a ajiye sikeli a tebur mai gangare, ko jikin oben, ko ƙarƙashin fanka, don lambar sai ta riƙa rawa. Batir idan ya yi sanyi ba a yarda da abin da ya nuna. Duk safiya mukan gwada shi da lita ɗaya ta ruwa, wadda nauyinta kilo ɗaya ne. Mun kuma koyi cewa kazar da aka auna da ƙanƙararta ba ita ce kazar da ta narke ba, balle wadda aka dafa, don haka sai an faɗa a takardar bango ko wanne ake nufi.

Ba za mu ce muku babu abin da muka rasa ba. Akwai daɗi a cikin ɗiba da hannu ka watsa, kamar mai shuka, kuma makon farko sai muka ji mun zama kamar inji. Akwai kwastomomin da suka lura, suka ce mun fara rowa. Wani dattijo da ya saba zuwa da jikokinsa ya leƙo ta taga ya ce, "Samari, ina gyarata?" Muka rasa amsa. Da muka kai maganar gaba, Madam ta ce duk wanda yake son ya yi wa wani gyara ya faɗa, a rubuta, a cire a rabon abincinsa na ma'aikata. Nan muka gane bambancinmu da mai tsire. Shi daga tirensa yake ƙarawa, ya san abin da ya bayar, ya san abin da ya rage masa. Mu da kayan wani muke kyauta, muna karɓar godiya, kuma da lissafi ya zo aka aika wa wanda ya fi kowa rauni da takardar biya. Har yau muna yi wa dattijon gyara, amma yanzu mun san giram 20 ce, mun kuma san aljihun da ta fito.

Mai riƙe da alƙalamin nan yana cikin masu gunaguni duk lokacin da aka ce kada labari ya wuce kalma kaza, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ke iyakance shi tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500. Ya sha cewa ai ilhama ba a auna ta. Daga baya ya koma kan tsofaffin labaransa, ya tarar da irin fizarmu ta da: gefe ya ƙone, tsakiya bai nuna ba, karin magana biyar a sakin layi ɗaya. Wannan dai tsokaci ne, kun fi mu sanin sauran.

Sai da muka yi kwana tara muna neman Auta. Lambarsa ba ta shiga, don ya sayar da wayar. Daga baya muka ji cewa wayar da muka kafa hujja da ita ta hannu ce, da kuɗin adashi ya saya. A wani wurin wankin mota muka same shi a Mararaba, wandonsa a naɗe, hannunsa duk kumfa. Mu huɗu muka je, Baba a gaba. Baba ya cire hularsa, abin da ba mu taɓa ganin ya yi wa yaro ba, ya ce, "Ɗana, mun zalunce ka. Ba kai ba ne, mu ne." Muka kwashe labarin sikeli muka faɗa masa, da lambobin da komai.

Ya daɗe yana kallon bokitinsa. Sannan ya ce, "Baba, na yafe. Amma ba ni kaɗai ba ne." Ashe kawunsa ne ya tsaya masa lokacin ɗaukar aiki, shi ya sa hannu a takarda. Da aka kore shi da sunan sata, kawun ya ce ya zubar masa da mutunci, ya fitar masa da kaya daga ɗakin da yake kwana, labari kuma ya riga ya kai ƙauye wurin mahaifiyarsa. Wata biyu ke nan yana kwana a shagon wankin motar. Mu muna can muna lissafin kilo, ba mu san wannan ba, ba mu kuma tambaya ba.

Madam ta rubuta takarda da sa hannunta cewa yaron ba shi da laifi, ta biya shi albashin da aka yanka da na watannin da ya zauna, ta ce ya dawo. Manajan ma ya kira shi ya ba shi haƙuri. Ranar Lahadi muka ɗauki takardar muka je gidan kawun, muka zauna a tabarma muka maimaita komai a gabansa da maƙwabtansa biyu, don a gabansu aka fitar da kayan. Kawun ya kira ƙauye a gabanmu, ya sa Baba ya yi wa mahaifiyar bayani da bakinsa. Muna jin kukanta ta cikin wayar.

Auta ya koma ɗakinsa, amma bai dawo kicin ba. Ya ce ba zai iya sake ɗaukar baƙar leda ta ƙofar nan ba, ko da kowa ya san babu komai a ciki. Ba mu matsa masa ba. Da kuɗin da aka biya shi ya haɗa da wani abokinsa suka sayi injin wanki nasu. Idan mun bi ta wurin yakan taso ya gaishe mu, ya ce, "Yayyena, ya aiki?" Mu amsa, mu ɗan yi raha. Gaisuwar dai ba ta koma yadda take a da ba, kuma ba mu da bakin cewa ta koma.

Rigarsa tana nan a ninke a saman firiza, ba wanda ya ce a bar ta, ba kuma wanda ya ɗauke. An sake rubuta takardar bango, an sa ta a leda don kada maiƙo ya ci. Sabon yaron da aka ɗauka ya tambayi Baba rannan ko nawa ake zuba wa matsakaiciya. Baba ya nuna masa sikelin da haɓa, ya ce, "140. Ka danna sifili tukuna."

Allah ya yafe mana, ya tsare mu da ɗora wa wani abin da hannunmu ya aikata.